Wawan Turawa a Littafin Zanen Yara

Wata malamar firamare daga Damagaram ta aiko tana tambaya, shin wane ne mutumin nan mai jan hanci da ake ba yara su shafa wa launi, kuma mece ce fa'idarsa?

To malama, wannan shi ne wawan Turawa, takwaran wawan sarki, kuma farar fuskarsa ta shahara ne ta hannun Joseph Grimaldi, ɗan wasan Landan da ya rasu a 1837, wanda albarkacin sunansa ake kiran wawaye Joey a Ingila. Da yake tufafinsa faci-faci ne, ga ƙaton takalmi, ga hula mai tsini, yaro yakan sami gurabe masu yawa na cikawa da launi iri-iri, har yatsunsa su saba da riƙon alƙalami kafin ya soma rubutu, wanda a ganina shi ne babban alfanun. Amma a yi hattara, domin binciken Jami'ar Sheffield na 2008 ya nuna yara da dama suna ƙyamar fuskar wawa, wasu ma tsoronta suke ji. Wanda ya ƙi, malama, kada ki tilasta masa, ba shi hoton doki.