Karatu Daga Nesa: Wa Zai Ƙirga Ɗalibai?

A jihar Ohayo ta Amurka, makarantar ECOT, wadda aka buɗe a 2000, ta riƙa koyarwa ta intanet kawai, gwamnati na biyan ta gwargwadon yawan ɗalibai. Binciken 2016 ya nuna ba ta da shaidar cikakken karatun fiye da rabinsu. Aka umarce ta ta mayar da kimanin dala miliyan 60, ta rufe a 2018.

A firamaren Kalgo, sufeto na iya gwada rajista da yaran da ke zaune a aji. A intanet babu wannan damar. Dokar 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Kafin a zuba su a irin wannan tsari, wajibi ne a tanadi hanyar tantance wanda ya yi karatun.