Fanke da Lemon Kwalba: Ina Arahar Take?

Jama'ar unguwar New Bell ta Duwala da kewaye, akwai maganar da ta zauna a bakin mutane, wai abinci mai gina jiki sai mai hali, talaka kuwa ya ci abin da ya samu. Ba a ce babu gaskiya a ciki ba. Duwala ba ta manta tarzomar tsadar rayuwa ta Fabrairun 2008 ba, kuma a 2022, da yaƙin Yukiren ya tsadar da alkama, burodin sefa 125 ya koma 150. Amma a tsaya a yi lissafi tukuna.

Dubi yaro da safe a bakin layi. Uwa ta danƙa masa 'yan kuɗi, ya tsaya gaban mai suya, ya karɓi fanke da wake da kunu. Waken nan babu laifi, shi ne ma abincin kirki a cikin kwanon. Fanken ne abin dubawa: fulawa da sukari, an tsoma a man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi. In rana ta take ya kora da lemon kwalba. Ƙaramin gwangwani ɗaya na irin wannan lemo yakan ɗauki sukari kimanin giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce wajen giram 50 a yini. Gishiri kuma kada ya kai giram 5, ga shi muna zuba dunƙule uku huɗu a tukunya ɗaya, sannan mu bi da gishiri.

To, me ya sa ake ganin abincin kirki da tsada? Da yawa in an ce 'ya'yan itace, sai hankalinsu ya tafi kan tuffa da inibi na kanti, waɗanda jirgin ruwa ya kawo. Gwanda fa, da ayaba, da mangwaro a lokacinsa? Alayyafo da yakuwa da kuɓewa fa? Tumatirin Fumbot da albasar Marwa kullum ana sauke su a kasuwar Sandaga.

Ainihin tsadar tana wajen dahuwa. Wake yana cin gawayi, yana cin lokaci. Mai tuƙa benskin, wato babur ɗin haya, da ya fita tun asuba, ko 'yar kasuwar Kongo da ba ta dawowa sai magariba, yaushe za su zauna gaban murhu? Ga ɗaki ɗaya, ba firji, ga zafin Duwala da ke lalata miya kafin gari ya waye. Sayen kashi-kashi kullum kuma shi ne ke cinye aljihu ba a sani ba.

Saboda haka matan gida ɗaya su haɗa kuɗi kamar yadda suke adashi, ɗaya ta je Sandaga ta sayo kwando, a raba. A jiƙa wake tun dare, gawayin zai ragu. A shanya kuɓewa da yakuwa in rani ya shigo, yadda iyayenmu na arewa suke yi. Kuɗin lemon yaro a mai da shi na ƙwai ko gyaɗa. Magidanci kuma ya riƙa zuwa awon jini da na sukari, don hawan jini yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba, kuma in ya kama, maganinsa na kowane wata ne.