Darasi: Yadda gidan aro zai tara wa ƙungiya kuɗi

'Yan uwa ɗalibai, karo-karo kaɗai ba ya riƙe ƙungiya, kun dai san aljihun ɗalibi. Ga wata dabara. A Gazara ta ƙaramar hukumar Maƙarfi, da ƙauyukan Ikara da Kudan, akwai gidajen da masu su ke zaune Zariya ko Kaduna, sai da Sallah ake buɗe su. In mai gida ya ara wa ƙungiya, sai ta ba fataken rake ko masu ajiyar masara haya lokacin kaka.

Amma fa a kiyaye abu uku.

Na ɗaya, aro daban, haya daban. Mai gida ya rubuta cewa ya yarda ku sa 'yan haya, da ranar da za ku mayar.

Na biyu, in gidan gado ne, sai duk magada sun amince, mai unguwa ya shaida.

Na uku, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya a banki, ba aljihun ma'aji ba, kuma a ware na gyaran rufi kafin damina.

Kayan aro ba ya rufe katara. In kuka mayar da gida a lalace, ƙungiyar da ta biyo bayanku ba mai sake ba ta makulli.