Labarin Matuƙan Jirage Masu Jan Wutsiya

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙi na sama iri biyu ne manya. Akwai masu ɗaukar bom, su ne ƙattai, masu nauyin tafiya, kowane ɗaya da mutum wajen goma a ciki. Akwai kuma ƙananan jiragen faɗa, masu sauri, mutum ɗaya ke tuƙa kowane, shi ne kuma ke harbi. In manyan za su kai hari, sai ƙananan su yi musu rakiya, kamar yadda mahaya kan raka ayari. Labarin wata runduna ta irin waɗannan 'yan rakiya za mu duba, watau Runduna ta 332 ta sojan Amurka, wadda matuƙanta duka baƙaƙen fata ne.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba a yarda baƙar fata ya tuƙa jirgin soja a Amurka ba. A 1925 ma makarantar manyan hafsoshin ƙasar ta rubuta wani rahoto, ta ce wai baƙar fata ba shi da basira ko ƙarfin zuciyar irin wannan aiki. Da jaridun baƙaƙe da shugabanninsu suka matsa, sai a 1941 gwamnati ta yarda a gwada. Aka kafa Ƙungiya ta 99, aka sa wurin koyonta a Tuskegee, cikin jihar Alabama, inda Booker T. Washington ya buɗe makarantar horon malamai tun 1881. Mutum 13 suka fara, 5 suka gama a watan Maris 1942. Ɗaya daga cikinsu shi ne Benjamin O. Davis ƙarami, wanda ya zama shugabansu. Shi wannan ya yi shekara huɗu a makarantar hafsoshi ta West Point, 'yan'uwansa ɗalibai ba sa yi masa magana sai ta aiki, duk da haka ya daure ya fita a 1936.

A watan Afrilu 1943 aka kai Ƙungiya ta 99 Afirka ta Arewa da jirage samfurin P-40. Aikinsu na fari shi ne kai hari tsibirin Pantelleria, tsakanin Tunisiya da Sisili, wanda ya sallama ran 11 ga Yuni. Ran 2 ga Yuli Charles B. Hall ya harbo jirgin Jamus, shi ne na farkonsu da ya yi haka. Amma sai watanni suka wuce ba su ƙara harbo wani ba, domin yawancin aikin da aka ba su na dukan abokan gaba ne a ƙasa, inda ba a cika gamuwa da jirage ba. Wani hafsa da ke bisansu ya kai ƙara, ya ce ba su da zafin nama. Saura kaɗan a janye su daga fagen fama, sai Davis ya tsaya gaban wani kwamiti a Washington ya kāre mutanensa. To, gani ya kori ji. Ran 27 da 28 ga Janairu 1944, a sararin Anzio cikin Italiya, suka kakkaɓo jiragen Jamus fiye da goma. Daga nan maganar janyewa ta mutu.

A cikin 1944 aka haɗa su da waɗansu ƙungiyoyi uku na Tuskegee, watau ta 100, da ta 301, da ta 302, duka a ƙarƙashin Runduna ta 332, mazauninsu Ramitelli a gabashin Italiya. Aka ba su jirage samfurin P-51, masu dogon zango, suka shafa wa wutsiyoyinsu jan fenti don a shaida su daga nesa. Aikinsu yanzu rakiya ne zuwa Jamus, da Austiriya, da Romaniya.

A nan ne babban darasin yake. Matuƙin jirgin faɗa da yawan jiragen da ya harbo yake yin suna, saboda haka in ya hangi abokin gaba zuciyarsa takan raya masa ya bi shi. Jamusawa sun san haka, sukan ja 'yan rakiya nesa, sa'an nan waɗansu su auka wa manyan jiragen da aka bari ba mai tsaro. Davis ya hana mutanensa wannan. Ya umurce su su manne wa ayarinsu, su kori maharin, kāna su komo wurinsu. Wannan ya rage musu abin alfahari, amma ya ceci rayukan waɗanda aka ba su amana.

Ran 24 ga Maris 1945 suka yi rakiya har Berlin, tafiyar mil wajen 1,600 zuwa da komowa. Suka gamu da sababbin jiragen Jamus marasa farfela, samfurin Me 262, waɗanda suka fi nasu gudu, suka harbo uku. Saboda wannan aka ba rundunar lambar yabo.

An daɗe ana cewa ba a taɓa harbo jirgi ko ɗaya da suke wa rakiya ba. Masu binciken takardun soja sun gano ba haka ba ne. Cikin rakiya 179 an harbo manyan jirage 27 a hannunsu, alhali kuwa sauran rundunonin da ke aiki ɗaya da su kowace ta rasa misalin 46. Gaskiyar ta ishe su yabo, ba sai an ƙara mata gishiri ba. Matuƙa 992 aka horar a Tuskegee, 355 suka je fagen fama, suka harbo jirage 112 a sama, 32 daga cikinsu suka faɗa hannun abokan gaba.

Da suka koma gida sun tarar da wariyar nan tana nan, amma hujjarta ta karye. Ran 26 ga Yuli 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar daidaita kowa da kowa a cikin soja. A 1954 Davis ya zama janar baƙar fata na farko a sojan sama na Amurka.

Duk wanda aka ba amanar waɗansu, ko ayari ne ko ajin yara, ya tuna da umurnin Davis: kada neman suna ya raba shi da waɗanda aka ce ya tsare.