Yadda Za Ka Zaɓi Manhajojin Haɗa Waƙa Ba Tare Da Sautinka Ya Lalace Ba

 Masu koyon harkar waƙa kan tambaya: wace manhaja ce ta fi kowacce? Amsar ita ce babu guda ɗaya da ta haɗa komai. Waƙa tana bi ta matakai uku kafin ta kai kunnen mai saurare: a haɗa kiɗa, a ɗauki murya, sannan a daidaita su wuri guda, wato abin da 'yan sitidiyo ke kira miksin. Kowace manhaja tana da matakin da ta fi iyawa. Aikinka shi ne ka ba kowacce nata aikin, ka kuma iya miƙa sauti daga wannan zuwa waccan lafiya lau, domin a wurin miƙawar nan ne waƙoƙin masu koyo suka fi lalacewa.

Wace manhaja, don wane aiki?

BandLab: kamfanin yana Singafo, kuma manhajar kyauta ce a Android da iPhone. Ta dace da ɗaukar murya, tana da AutoPitch mai gyara murya, tana kuma ajiye aikinka a intanet. Wannan ajiyar na nufin ko wayarka ta ɓata aikinka yana nan, amma fa tana cin data.

FL Studio: kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ne ke yin ta, kuma ƙarfinta yana wajen haɗa kiɗa. Ta waya, FL Studio Mobile, ana sayen ta sau ɗaya. Ta kwamfuta tana da sigar gwaji da za ka iya adana aiki da ita, amma ba za ka sake buɗe aikin ba sai ka biya. Kafin ka saya, ka sani cewa siga mafi araha, Fruity, ba ta ɗaukar murya da makirfo. Sai daga Producer zuwa sama.

Audacity: kyauta ce, ta fito tun shekarar 2000, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Ta iya yanke sauti da rage ƙarar fanka ko janareta da ta shiga murya. Masu ita ba su fitar da ta Android ba, don haka idan ka ga mai irin sunanta a Play Store, ka yi hattara.

Reaper: Justin Frankel, wanda ya ƙirƙiro Winamp, shi ne ya kafa kamfanin da ke yin ta. Ba ta da nauyi, tana tafiya ko a tsohuwar laftof. Ana gwada ta kyauta na kwana 60, lasisin mai ƙaramin ƙarfi kuma dala 60 ne. A wajen miksin tana gogayya da manya.

GarageBand: kyauta ce ga masu iPhone da Mac, tana haɗa kiɗa tana ɗaukar murya.

Haɗin da ya dace da aljihunka

Idan waya kawai gare ka, haɗa kiɗa a FL Studio Mobile, ka ɗauki murya ka yi miksin a BandLab. Idan kana da waya da ƙaramar laftof, ɗauki murya a waya, ka goge ta a Audacity, ka yi miksin a Reaper. Idan kuwa wani ne zai yi maka miksin a sitidiyo, fara tambayar sa irin fayil ɗin da yake so kafin ka taɓa makirfo.

Kada ka wuce manhaja uku. Duk ƙarin manhaja ƙarin wata mashiga ce da sauti zai iya lalacewa.

Dokoki biyar na miƙa sauti

Fayil ɗin aiki na wata manhaja ba ya buɗuwa a wata: na FL Studio ba ya buɗuwa a Reaper. Harshen da dukkansu ke ji shi ne fayil ɗin sauti, don haka ka kiyaye waɗannan:

1. Fitar da sauti a WAV. MP3 yana zubar da wani ɓangare na sauti don ya rage nauyi, kuma duk sanda ka sake mayar da shi MP3 sai ya ƙara zubarwa, kamar hoton takardar da aka yi ta sake bugawa daga kwafi. Yakan kuma ƙara ɗan shiru a farkon fayil, wanda zai iya gusar da murya daga kan kiɗa. Bar MP3 sai waƙa ta kammala.

2. Raba layuka. Ganga fayil ɗinta daban, bes daban, fiyano daban, babbar murya daban, 'yan amshi daban. Idan ka haɗe su tun farko, da wuya a rage ganga ba tare da an taɓa sauran ba.

3. Kowane layi ya fara daga daƙiƙar farko ta waƙar. Ko da amshi sai a minti na biyu zai shigo, fitar da shi tun daga sifiri da shirunsa. Da haka, da ka jera fayilolin a sabuwar manhaja, kowa zai faɗa gurbinsa.

4. Rubuta lambobi uku. Na farko saurin kiɗa, wato BPM. Na biyu kiin waƙar, domin mai gyara murya irin AutoPitch yana buƙatar sa. Idan ka ba shi kii na daban, zai ja muryarka zuwa inda kiɗan bai je ba. Na uku ma'aunin sauti: 44.1 kHz ko 48 kHz. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa a duk manhajojin. Idan bidiyo za a yi wa waƙar, 48 kHz aka saba amfani da shi.

5. Yi lissafin nauyi. Minti ɗaya na WAV mai ingancin faifan CD ya kai kusan MB 10, alhali MP3 mai 128 kbps bai wuce kusan MB 1 ba. Waƙar minti huɗu mai layi takwas ta haura MB 300 ke nan. Tanadi wuri a wayarka, ka tura ta kebul ko Google Drive. Idan WhatsApp ne, tura a matsayin dokumen don fayil ɗin ya isa yadda yake.

Idan ka zauna miksin

Fara da daidaita ƙarfin layuka kafin ka ɗora wani kwalliya. Murya ta zauna a tsakiya, a ji kowace kalma. Da ikwalaiza, yanke abin da ke ƙasa da Hz 80 zuwa 100 a layin murya, domin yawanci gurnani ne kawai a wurin. Sa kwamfuresa kaɗan don inda ka ɗaga murya da inda ka sassauta su yi kusa da juna. Amsa-kuwwa kuma kamar gishiri take a miya: idan ta yi yawa, ta ɓata girkin. Bar kololuwar sauti a kusa da -6 dB, kada mita ta taɓa ja, don a samu sararin ƙarin ƙarfi a matakin ƙarshe, wato mastarin.

Lokacin ɗaukar murya, yi amfani da iyafis mai waya. Na Bluetooth yana jinkirta sauti, sai ka riƙa shiga a makare ba tare da ka sani ba. Da ka gama, saurari waƙar a lasifikar waya, domin a nan yawancin masu saurarenka za su ji ta, kuma lasifikar waya ba ta fitar da bes sosai. 

Gargaɗi kan fasassun manhajoji

Za ka ga ana raba FL Studio da aka fasa a tashoshin Telegram. Irin waɗannan fayiloli hanya ce da aka sani ta shigo da ƙwayoyin cutar kwamfuta masu satar kalmar sirri, kuma a na'urar da kake waƙa ɗin nan ne manhajar bankinka da imel ɗinka suke. BandLab da Audacity da kwanakin gwajin Reaper sun ishe ka koyo har ka tara kuɗin lasisi.

Aikin gwaji

A makon nan, haɗa kiɗan daƙiƙa 30 mai layi huɗu, ka fitar da kowane layi a WAV daga sifiri, ka jera su a manhaja ta biyu, ka ɗora murya. Idan komai ya hau daidai ba tare da ka ja wani fayil da yatsa ba, ka kama hanya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.