Kwamfuta ba ta jiran mawaƙana su ja numfashi

Ni malamin kwaya ne a wata majami'a da ke Tudun Wada, Jos. Shekara biyu ke nan ina rubuta waƙoƙinmu a manhajar Sibelius, murya huɗu, in fitar da sauti in tura wa mawaƙa ta WhatsApp su koya a gida. Abin ya rage mana wahala. Damuwata ita ce kwamfuta tana tafiya kamar agogo. A ƙarshen baiti, inda muka saba sassautawa mu ja numfashi, ita sai ta wuce abinta. Lahadin da ta gabata matasa suka bi abin da suka ji a waya, iyayenmu na zumuntar mata suka bi yadda suka saba, waƙa ta rabu biyu a gaban jama'a. Na ji kunya ƙwarai. An ce ana iya buga madanni kwamfuta ta bi hannun mutum. Na gwada, sai ta riƙa sauri tana tsayawa, kamar mota a hanya mai ramuka. Ga Kirsimeti na ƙaratowa. Yaya zan yi?

Malamin kwaya, Tudun Wada, Jos

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Wanda ya ba ka labarin nan gaskiya ya faɗa. Abin da kake nema sunansa Live Tempo, ya shigo ne da Sibelius 6 a 2009. Kana bugawa a madannan kwamfuta, ko a kibod ɗin kiɗa, ko da feda ta ƙafa, manhajar tana riƙe saurin hannunka, daga baya ta maimaita waƙar a haka. Manhajar Finale ma tana da irinsa mai suna TempoTap, sai dai kamfanin MakeMusic ya daina sayar da ita a Agustan 2024, don haka ka zauna inda kake.

Rawar da ta yi maka, ina zargin abu biyu. Akwai ɗan jinkiri tsakanin lokacin da yatsa ya sauka da lokacin da sauti ya iso kunne. Shi ya sa aka tanadi Calibrate: za ta yi maka ƙwas-ƙwas ka bi ta, ta auna hannunka da na'urarka. Mutane da yawa suna tsallake wannan. Kuma ka cire abin kunne na Bluetooth ka sa mai waya, domin Bluetooth yana ƙara jinkiri. Na biyu, yawan bugu. In waƙar 6/8 ce, bugu biyu ya isa maimakon shida. Duk ƙarin bugu ƙofa ce ta kuskure, balle da yatsun da sanyin Jos na Disamba ya ƙandarar.

Amma ga inda nake so ka tsaya da kyau. Ba hannunka ne ya san inda waƙar take numfashi ba, iyayen nan mata ne. Ranar koyon waƙa ka ajiye waya kusa da mai buga tulu, ka ɗauke su suna rerawa yadda suka saba, kada ka kaɗa musu hannu. Ka koma gida ka saurara sau uku ko huɗu, har ka ji a jikinka inda suke jan kalmar ƙarshe da tsawon shirun da ke gaban amshi. Sannan ka kashe wayar, ka buga kana rerawa da bakinka. In kana rerawa, hannu ba zai wuce numfashi ba. Wanda ya taɓa sauraron marigayi Ɗan Maraya Jos ya san haka: kuntiginsa yana tafiya ne tare da maganarsa.

Ba dole ka buga waƙar duka ba. Inda tafiya take daidai, bar ta da saurin da ka rubuta, ka kama ƙarshen baiti da amshi kawai. Wurin da ya lalace, zaɓe shi ka goge da Clear, ka sake shi kaɗai.

Ka tura wa mawaƙa sauti biyu: mai tafiyar agogo don koyon solfa a makon farko, da mai numfashi don mako biyun ƙarshe. Kafin ka tura na biyun, kai wa shugabar zumunta ta ji. In ta ce ba haka ake ja ba, koma ka sake bugawa.