Karatun Aikin Ɗan Sanda: Jan Hankali ga Iyayen Yara a Wurno

Jama'a, duk wanda ya hau mota daga Birnin Kudu zuwa Kano sai ya bi ta Wudil, inda Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take a bakin titi. Kullum mutanen Wurno da Gwaram suna wuce ƙofarta, amma kaɗan ne suke tunanin ɗansu zai iya shiga. A 1988 aka kafa ta, a 2012 aka ɗaga ta zuwa matsayin jami'a. Yaron da ya samu gurbi yakan yi shekara biyar, ya fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. A Jami'ar Tarayya ta Dutse ma, wadda aka kafa a 2011, ana karantar da ilimin nazarin laifuka da tsaro.

Me ya sa aikin da muka saba gani da kulki yake buƙatar wannan dogon karatu? Dalili shi ne yawancin aikin ɗan sanda da doka da takarda ake yin sa. A ce shanu sun faɗa gonar gero da damina, rikici ya tashi, an fasa wa wani kai, yaron da ake zargi ya shige daji. Abin da aka saba shi ne a kamo ubansa a tsare a caji ofis har sai ɗan ya kawo kansa. To, Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta haramta kama wani a madadin wani. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Wata doka ta 2017 kuma ta mai da azabtar da wanda ake tuhuma laifi. Jami'in da bai zauna ya karanci waɗannan ba zai taka su yana ganin aiki yake yi, alƙali ya kori shari'ar, mai gona ya koma gida hannu rabbana, makiyayi kuma da ƙulli a zuciya.

Akwai kuma maganar harshe. Manomi ya yi bayani da Hausa ko Fulatanci, a rubuta da Turanci, a ce ya dangwala yatsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Kalma ɗaya in ta karkace a wannan takarda, tana iya kwantar da mutum a gidan yari. Ɗan ƙasa mai ilimi, wanda ya san burtali da mashaya, ya san darajar mai unguwa da dagaci, shi ya fi cancanta ya riƙe wannan biro.

Wasu iyayen za su ce aikin ya ɓaci da cin hanci, ba sa son ɗansu ya ci haram. Ba a musun ɓarnar. An rubuta "beli kyauta ne" a bangon ofisoshi, amma kowa ya san abin da yakan faru a bayan kanta. Sai dai in mutanen kirki suka hana 'ya'yansu shiga, wa suke so ya zauna a kujerar? Digiri kaɗai ba ya sa tsoron Allah, wannan daga gida ake zuwa da shi. Abin da karatu yake ƙarawa shi ne yaro ya san iyakar ikonsa, ya kuma san umarnin da doka ta ba shi damar ƙin bi.

Wasu kuma za su ce sai mai uwa a gindin murhu ke kaiwa sama. Suleiman Abba ɗan Gwaram ne, ya karanta tarihi da aikin lauya, ya zama Sufeto-Janar na 'yan sandan Nijeriya daga 2014 zuwa 2015. Kafin shi an yi Hafiz Ringim, shi ma ɗan Jigawa. Amma a faɗi gaskiya, digirin Dutse ba ya zuwa da kaki. Wanda ya gama sai ya jira ɗaukar ma'aikata, ko a 'yan sanda, ko shige da fice, ko kwastan, ko hukumar gidajen gyaran hali. 'Yan mata ma kada a bar su baya, domin macen da aka ci wa zarafi ta fi sakin baki gaban mace 'yar'uwarta.

Ƙofar Wudil tana neman kiredit a darussan da suka haɗa da Turanci da Lissafi, da jarrabawar JAMB, da gwajin lafiyar jiki, kuma akwai iyakar shekarun haihuwa. Saboda haka iyaye da malamai a Wurno, ku fara shirya yaro tun yana ajin farko na babbar sakandare, kada a bari sai shekarunsa sun wuce.